Karyayyar Kujera a Gidan Kafinta

Zuwa ga ƙanena, autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da maiɗakinka da yaran duka. Allah ya yi wa nemanka albarka, ya raba ka da ciwo a inda babu naka, ya sa ranar da za mu sake ganin juna ta zo muna da rai da lafiya. Mu ma nan alhamdu lillahi, muna nan yadda ka bar mu, sai dai furfura da ta ƙi jin magana. Ranar nan na duba madubi na ga fuskar Inna tana kallona, har na kusa gaishe ta.

Yayanka, maigidana, ciwon bayan nan ya yi sauƙi, ya koma aiki, ya kuma koma mita, alamar lafiya ta samu ke nan. Gwaggo tana nan da ƙarfinta, kunne ne dai ya yi nauyi, sai ka yi mata magana sau uku ta amsa maka wata daban. Ni kuma ina nan da ajina, ina fama da 'ya'yan mutane da alli. Titinmu ma ba za ka gane shi ba. Bishiyar ƙofar gida da kake hawa kana tsinka wa Inna zuciya, masu gyaran wayar lantarki sun sare ta. Shagon mai aski ya zama wurin sayar da wayoyi, kuma inda ake faci an yi bene. Abin da bai sake ba shi ne ƙofarmu mai ƙara, wadda tun muna yara Baba yake cewa gobe zai sa mata mai.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa, alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne a waya ba ka bari in kai aya. Da na ce kujera sai ka ɗauka, kamfani kaza, haƙƙi kaza, ni kuwa in yi ta cewa to, to, har katin ya ƙare. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hotonta in turo maka. Ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni, ka ji ko, Ɓarnau? Ka yi haƙuri da sunan, na san yanzu kai babban mutum ne a wurin aikinka, amma a gidan nan ba mu san ka da wani ba.

Kai kana jin muryar Baba ne a waya, ni kuwa ina ganinsa. Tun da Inna ta rasu ya rufe shagonsa na bayan gida, ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofar kicin, bai sake taɓa shi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka da fensir a bayan kunne da garin katako a gira, ya koma zaman bakin gado. In na kai abinci ya ɗan taɓa ya ture. In na ce ya fito ya sha iska ya ce iskar ta shigo ta same shi. Likita ya duba ya ce babu wani ciwo da za a kama, tsufa ne da kewa. Duk abin da ka aiko masa kuwa, wallahi ya iso, kuma yana sa maka albarka: rediyon, fankar, takalman nan masu laushi, sandar dogarawa. Zai karɓa, ya juya, ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, sai ya miƙo mini in ajiye. Suna nan jere a kan kabad cikin kwalayensu. Ban taɓa faɗa maka ba don kada ranka ya ɓaci, na san da zuciya ɗaya kake yi.

Da ka ce ka yi odar kujera mai lilo ta intanet don ya riƙa zama a baranda yana hutawa, na ce a raina ga wani kwalin kuma, sai dai wannan kabad ba zai ɗauke shi ba. Ranar da aka kawo ta na dawo daga makaranta ke nan, Baba yana barcin rana. Direban ya sauke kwalin a ƙofa yana gumi yana duba agogo, ya miƙo mini waya in sa hannu da yatsa. Na lura gefe guda na kwalin ya lotsa, na gani da idona. Amma ka san tarbiyyar Inna: ba a buɗe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, kada a ce kana zalama. Sai na sa hannu, na ba shi ruwan sanyi, na ma yi masa godiya da addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Bayan ya tafi na yanka salatif ɗin, sai ga hannun kujera na dama a karye yana reto, lanƙwasasshen katakon da take lilo a kansa kuma ya tsage tun daga gaba har tsakiya.

Sauran ka sani, don kai na fara kira. Faɗan da ka yi mini ranar, tun da aka haife ka ban ji irinsa ba, ni da na goye ka. Ka ce ba a sa hannu sai an buɗe an duba, in kuma ba za a jira ba a rubuta cewa kwali ya zo a lotse. Ka ce in ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, da takardar da ke manne a jikinsa, da karayar kusa da nesa. Ka ce kada in yar da kwali ko soso ko leda, kuma ka maimaita mini har na haddace cewa kada kowa ya taɓa ta, kada a gyara, kada a liƙa. Da na ce ai ƙila laifin direba ne, ka ce kai ba da direba ka yi ciniki ba, wanda ya karɓi kuɗinka shi ne zai kawo maka abu lafiyayye kamar yadda ya nuna a hoto, in bai yi ba ya canza ko ya mayar da kuɗi, shi ya je ya ji da direbansa. Gaskiya na ƙaru. Mu da muka saba in mun sayi abu ya zo da matsala mu ce ƙaddara ce mu haɗiye, ashe akwai bakin magana. Na bi umarninka ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibar kirki, na turo maka hotuna, kai kuma ka shigar da ƙorafi.

Sai batun inda zan ajiye ta kafin su zo. Ba na so Baba ya gani ransa ya sosu, a ce kyautar ɗansa ta iso a karye. Na duba ɗakina babu wuri, falo kuwa nan yake wucewa in zai yi alwala. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da in na tuna yanzu nake jin kunyar a kira ni malama: na ce bari in sa ta a shagon Baba, tun da ba mai shiga. Karyayyar kujera, a shagon kafinta! An ba kura ajiyar nama ke nan. Ni da yayanka muka kinkime ta da kwalinta muka kai, na mayar da makulli a ƙusarsa, na wanke hannu ina jin na yi wayo.

Amma Ɓarnau, da na buɗe ƙofar nan ranar, sai da na dafa bango. Ƙamshin yana nan, na katako da gam da tsohon mai. Zarto yana rataye a inda yake, guduma mai ƙotar da tafin Baba ya cinye, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowane da girmansa. Rigar aikinsa tana bayan ƙofa da fensir a aljihu. Sai na gan mu muna yara a ƙarƙashin teburin aikin, muna tara nannaɗaɗɗen ɓawon katako muna yi wa kanmu gashin turawa, Inna tana ƙwala mana kira mu fito kafin mu taka ƙusa. Na tuna yadda kake shigowa da abu a bayanka, kana tafiya a karkace kamar kazar da ruwa ya doka, Baba ba ya ko ɗaga kai sai ya miƙo hannu ya ce a kawo gawar. Kujerar tsugunno, murfin akwatin Inna, ƙafar gadonmu da ka mayar filin tsalle, allon taga, wanne ne bai bi ta hannunka ba? Ba banza Gwaggo ta laƙaba maka sunan nan ba. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa dukanka a kan ɓarna ba. Cewa yake a gidan kafinta ba a yi wa katako makoki.

Hukuncinsa ɗaya ne, na san ba ka manta ba. In ya gama gyara, ba shi zai gwada ba, ba kuma Inna ba. Wanda ya karya shi ne zai fara zama, a gaban kowa, don in gyaran bai yi ba ya zube da mai laifi. Sai a tara mu a tsakar gida, kai kana matsowa kana runtse ido, Baba ya harɗe hannu yana ɓoye murmushi a gemu. Ka tuna ranar bencin baranda, da ka ƙi jira gam ya bushe ka je ka zauna a ɓoye don ka rage wa kanka fargabar gobe? Ƙarar faɗuwarka har maƙwabta sun ji. Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zani, tana cewa wannan yaro ko an kai shi gidan ƙarfe sai ya samo abin karyawa. Ina tsaye a shagon nan ina jin dariyar tata kamar a bayana take. Na rufe ƙofa na fito da sauri.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga makaranta, tun daga bakin titi na ji wani sauti da na yi shekara da shekaru ban ji ba, shuu, shuu, shuu, ana goga samfefa. Na ce kai, maƙwabta ne. Da na shiga na ga ɗakin Baba a buɗe, gado babu kowa. Na zagaya baya, sai ga shi a tsaye, cikin rigar aikin da yanzu ta yi masa yawa, fensir a bayan kunne, ya kifa kujerarka a kan tebur ƙafafu sama. Ya riga ya cire karyayyen hannun, ya kankare tsohon gam ɗin. Kwalin da ka ce in tsare kamar ƙwai kuwa, ya yanka shi gida-gida, ya shimfiɗa wani a ƙasa don kada gam ya ɗiga, wani kuma yana dama fenti a kai. Daga baya na tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce makullinsa ya gani an rataye shi a juye, shi kuma bai taɓa rataye shi haka ba. Ka ji mutumin da muke cewa ba ya lura da komai.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na ce Baba a dakata, kujerar nan mayar da ita za a yi, masu ita sun ce kada a taɓa, in an taɓa haƙƙinmu na iya faɗuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni wane ne mai ita, su ko yaron da ya biya. Na ce yaron. Ya ce yaron wa ya aiko wa. Na ce shi. Ya ce to shi bai ga inda aka taɓa ɗora wa mai karaya tafiya ba tare da an yi masa ɗori ba, in matsa daga hasken. Na buɗe baki zan ƙara magana, sai na ga hannunsa. Hannun nan da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi har ya zubar, ya riƙe 'yar wuƙarsa yana feƙe ƙusar katako, ko rawa ba ya yi. Sai na matsa daga hasken.

Abin da ya biyo baya, da ka gani da ka yi kuka, ni dai na yi. Washegari tun kafin in fita ya aike ni in sayo gam, ya kuma ce kada in kuskura in sayo na roba, wai wannan na liƙa takalmi ne. Da na kawo ya shinshina ya ce na yanzu duk ruwa ne, amma a haka za a yi. Ya nemi tsohon tiyub na keke, ya yanka shi siri-siri ya ɗaure tsagar da shi tamau. Da rana ya cinye abincinsa tas, ya tambaya ko da saura. Ya yi wa yayanka faɗa a kan ya ari sukundirebansa tun bara bai mayar ba, yayanka ya shigo ɗaki yana murna wai yau Baba ya zage shi. Yana aiki yana mita da mutanen da suka yi kujerar, wai sun haɗa gaɓa da 'yan ƙarafa kamar masu ɗinke takarda, ko kunya babu. Amma ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa ya saurara, ya ce itacen na kirki ne, ashe yaron nan yana da ido, zaman ƙarƙashin tebur bai tafi a banza ba. Tsofaffin abokansa da suka ji ƙarar guduma suka fara leƙowa, har mai gyaran keke ya kawo masa wata kujerar ya duba. Ranar nan ma, ba za ka yarda ba, ya sa wa ƙofar gida mai.

Duk wannan yana faruwa kai kana can kana yaƙi, ni ina nan ina ɓoye maka. In ka kira ka ce kujera tana nan yadda take, sai in ce tana nan, in haɗiye sauran. Ina jin yadda suka yi ta yawo da kai, yau su ce an sa hannu an karɓa lafiya, gobe su ce hoton bai fito ba, jibi su haɗa ka da wani sabon ma'aikaci ka faro labari daga farko. Ba ka gaji ba. Ka adana duk saƙonninku, ka nuna musu ka sanar da su tun ranar da kaya suka iso, ka ce in ba su yi abin da ya dace ba za ka kai ƙara hukumar da ke kare haƙƙin masu saye. Da suka ga ba ka da niyyar saki, suka sauko suka ba da haƙuri, suka ce za su kawo sabuwa su ɗauki karyayyar. Ranar da ka kira kana faɗa mini, muryarka irin ta ranar da ka ci jarrabawa ce. Na yi alfahari da kai, wallahi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan Baba ne sak. Na rasa ta inda zan fara gaya maka cewa babu sauran karyayyar kujera a gidan nan.

Shekaranjiya da hantsi motar ta zo, direban nan dai na farko. Ya sauko da sabon kwali, wannan karon ya ce in buɗe in duba kafin in sa hannu, ka ga faɗanka ya yi amfani. Sai ya ce ina tsohuwar. Na kai shi shago. Ya zagaya kujerar, ya duba hoton da ke wayarsa, ya sake zagayawa, ya shafa hannun dama yana neman inda ya karye bai samu ba. Ya kira ofishinsu. Matar da ta amsa ta ce a ƙa'ida ba sa karɓar abin da aka taɓa, amma tun da hotunan ranar farko suna hannunsu kuma an riga an yanke magana, a ɗauko ta a haka, a bar mana sabuwar. Guda ɗaya dai za ta zauna a gidan, ba biyu ba. Baba yana tsaye yana ji. Na zaci zai yi gardama, na ma shirya tayawa. Sai kawai ya cire fensir daga kunnensa ya sa a aljihu, ya ce haƙƙin yaro ne, ya wahala a kansa, a ba shi abinsa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon bargonsa da igiya, ya fara naɗe kujerar da kansa, yana cusa tsumma a kowace gaɓa, yana gaya wa direba ta wane gefe ake kwantar da ita a mota, don kada wanda za ta je hannunsa ya same ta a karye.

A nan ne na kasa. Na ce wa direba ya mayar da sabuwarsa mota, ba za a ɗauki komai ba yau. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi da ni, ya sake kiran ofis. Matar ta ce ni ba ni da ikon rufe maganar, sunanka ne a kan odar, sai abin da ka ce. Ta ce in mai saye ya zaɓi ya riƙe kayansa, ana iya rufe ƙorafin, wani lokaci ma a rage masa wani abu saboda lahanin da ya zo da shi, amma in ba su ji daga gare ka ba motar za ta dawo farkon mako. Bayan sun tafi Baba bai kwance bargon ba. Ya rufe shago, ya rataye makulli, ya koma bakin gado. Da na kai masa shayi na zauna kusa da shi, na ce ya yi haƙuri. Can ya ce shi bai ƙi sauran kayan da kake aikowa ba, duk masu kyau ne, kyansu ne ma ya sa ba su da abin da za su nema a wurinsa. Ya ce tun da ka tafi, wannan ne karo na farko da ka kawo masa ɓarna.

To Ɓarnau, ga abin da ya sa na rubuta. Ban ce ka yi kuskure ba. Gaskiyarka ce tun daga farko har ƙarshe, kuma na koyi darasi, har malaman makarantarmu na tara na koya musu: a buɗe kafin a sa hannu, a ɗauki hoto, a ajiye kwali, a yi magana da wuri, kada a ji kunya. Ko Inna ce ta dawo ta ce kada a buɗe kaya a gaban direba, zan ce ta yi haƙuri zamani ya juya. Ka nemi haƙƙinka ka samu, yana hannunka, kuma mai abu shi ke da ikon kyauta da shi. Ina roƙonka, ni da ban taɓa roƙonka komai ba, ka rubuta musu kafin farkon mako ka ce ka riƙe kujerarka. Ragin da suka ambata, ka karɓa ko ka bari, wannan tsakaninka da su ne. Ni dai kada motar nan ta sake tsayawa a ƙofarmu. In ka kira Baba kuma, don Allah kada ka fara da tambayar jiki, ya gaji da ita. Ka tambaye shi yadda ya yi da tsagar nan, ka ga in katinka zai isa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce na gode da haƙurin da take yi da rigimammen ƙanena. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da 'yar autarku, ka ce gwaggonsu tana kewar mutanen da ba ta taɓa rungumarsu ba sai a hoto. Yayanka yana gaishe ka, Gwaggo ma haka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana hawa bishiya. Mai gyaran keke ya ce a miƙa gaisuwarsa.

Baba ma yana gaishe ka. Kafin motar nan ta zo, ranar da ya gama aikin, na fito da kujerarka zuwa baranda na share ta, na ce bismilla ya zauna ya ji daɗin abin da ɗansa ya saya masa. Ya ƙi. Yayanka ya zo zai gwada, ya daka masa tsawa. Na ce Baba ai ba Ɓarnau ne ya karya ta ba, a hanya ta karye. Ya ce daga hannun wa ta fito, shi dai dokar gidansa ba ta canza ba. Har yau babu wanda ya zauna a kanta. Gam ya bushe tuni, wannan karon ba za ka faɗi ba. Zumunci a ƙafa yake, ƙanena, kai ake jira.

Allah ya kawo mana kai lafiya, ya jiƙan Inna, ya ƙara wa Baba kwana.

Taka har kullum,
Yayarka da ta goye ka